Batirin Motar Lantarki: Nisan Tafiya, Cin Wuta da Ladubban Caji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a 'yan watannin nan wata tambaya ta yawaita a bakin 'yan'uwa idan an tashi daga karatu: shin mutum ya zuba jarinsa a motar lantarki, ko ya haƙura tukuna? Masu tambayar mutane ne da abin ya shafi tukunyarsu. Akwai matashin da ke tuƙa motar haya ta manhajar waya, wanda kuɗin mai ke cinye masa babban kaso na cinikin yini. Akwai ɗan kasuwar da ya yi shekaru yana tari domin ya saya wa ɗansa motar neman abinci. Mun ga wannan ya fi ƙarfin amsar tsaye a ƙofar masallaci, don haka muka zauna da direbobi da masu aikin wuta, muka duba littattafan da ke zuwa da motocin, muka tattara wannan bayani domin ya zama abin komawa.

Taƙaicensa shi ne: nisan da dillali zai faɗa maka, da wuya ka same shi a kan titi. Nisan tafiya abu ne da mai mota yake lissafawa da kansa, kuma wurin da motar za ta riƙa kwana tana shan wuta ya fi sunan kamfaninta muhimmanci.

Motar lantarki a Abijan

Wanda ya tsaya a Adjamé Liberté da safe, hayaƙin gbaka da wôrô-wôrô ne zai fara yi masa sallama, domin har gobe fetur da dizal ne ke ɗauke da garin nan. Duk da haka motar lantarki ba baƙuwa ba ce sarai. Fiye da shekara goma ke nan da aka sa ƙananan bas-bas na lantarki masu suna Bluebus suna jigilar ɗalibai a cikin Jami'ar Félix Houphouët-Boigny da ke Cocody. Layin bas na musamman da ake ginawa daga Yopougon zuwa Bingerville, wanda zai ratsa ta Adjamé, an tsara shi ne da bas-bas na lantarki. A kan titi kuma an fara ganin ƙananan motoci ƙirar ƙasar Sin, da waɗanda aka yi amfani da su a Turai.

Wutar da waɗannan motoci ke sha tana zuwa ne ta hannun kamfanin CIE. Mafi yawanta daga tashoshin iskar gas take, kamar Azito da ke Yopougon da CIPREL da ke Vridi, saura kuma daga madatsun ruwa irin su Kossou, Taabo, Buyo da Soubré wadda aka buɗe a 2017. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da ruwan madatsu ya ja baya aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Mai motar lantarki ya sa irin wannan rana a lissafinsa.

Batirin da abin da ke cikinsa

Batirin motar lantarki ɗan gida ɗaya ne da batirin wayar hannu, wato na sinadarin litiyom, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Bambancin shi ne, a mota ɗaruruwa ko dubban ƙananan ƙwayoyi ake jerawa a haɗa cikin wani akwati da ke shimfiɗe a ƙarƙashin motar. Nauyinsa yakan kama daga kusan kilo 200 zuwa sama da 500, kuma shi ne kaya mafi tsada a jikin motar.

Iri biyu suka fi yawa. Na farko ana kiransa NMC, mai nikel da manganis da kobalt. Yana ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin wuri, amma ba ya son zafi kuma ba ya son a bar shi cike maƙil. Na biyu LFP, mai ƙarfe da fosfat, wanda kamfanin BYD da wasu kamfanonin Sin suka fi amfani da shi. Ya fi nauyi, amma ya fi juriya ga zafi da yawan caji. Wajibi ne mai saye ya san wanne ne a motarsa, domin ladabin cajinsu ya ɗan bambanta.

Ƙarfin wutar wannan batir yakan kai kusan bolt 400, wasu ma 800. Wayoyin da ke ɗauke da ita launin ruwan lemo ake yi musu domin gargaɗi. Makanikin da bai koyi aikin ba kada ya taɓa su, domin kuskure ɗaya ya isa ya ɗauki rai. Ban da babban batirin, akwai ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, wanda ke tada kwamfutar motar. Idan ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban yana cike, kuma sau da yawa nan ne matsalar take idan mota ta ƙi kunnuwa da safe.

Ma'aunai uku da ya kamata a sani

Na farko, kilowat, wanda ake rubutawa kW. Shi ne ƙarfin gudun wuta, tamkar faɗin bakin famfo.

Na biyu, kilowat-awa, wanda ake rubutawa kWh. Shi ne yawan wutar da aka tara, tamkar ruwan da ke cikin randa. Da shi ake auna girman batir, kuma da shi CIE ke yin lissafin kuɗin wuta. Dacia Spring ta farko tana da batir mai kusan kilowat-awa 27, Nissan Leaf ta 2018 tana da 40, BYD Atto 3 kuma kusan 60.

Na uku, cin wutar mota, wato kilowat-awa nawa take sha a kilomita 100, kamar yadda muke cewa mota kaza tana shan lita takwas. Ƙananan motoci da matsakaita sukan ci tsakanin 12 da 20.

Ga yadda ake lissafi. A ɗauki girman batir, a rage abin da tsufa ya cinye, a raba da cin wutar motar, a ninka da 100. Misali, mota mai batir 40 wanda lafiyarsa ta koma kashi 85 cikin 100, abin da ya rage mata 34 ne. Idan tana cin 16 a cikin gari da na'urar sanyaya iska a kunne, za ta yi kimanin kilomita 210. Mai hankali ba ya ƙarar da batir tas. Idan ya bar kashi ɗaya cikin goma na ko-ta-kwana, abin da ke hannunsa kusan kilomita 190 ne. Wannan mota kuwa takardarta 270 ta ce lokacin da take sabuwa.

Daga ina lambar takarda take fitowa?

Ana samun ta ne a ɗakin gwaji, motar tana gudu a kan wasu ƙarafa masu juyawa, babu rami, babu lodi, babu rana. Kowane yanki kuma da irin gwajinsa. Turai tana amfani da WLTP tun 2017, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin NEDC da ya yi suna wajen kambama lamba. Amurka tana da na hukumar EPA, wanda ya fi kusa da abin da direba ke gani. Sin tana da CLTC, wanda ake yi da ƙaramin gudu, saboda haka lambarsa ta fi ta Turai girma ga mota iri ɗaya.

Ke nan idan dillali ya ce mota tana yin kilomita 400, tambayar farko ita ce: a wane gwaji? Motar da aka rubuta wa 400 a ma'aunin Sin, da wuya ta kai haka a ma'aunin Turai, balle a kan hanyar Abobo da fasinja huɗu. Haka kuma lambar da ke allon gaban direba kintace ce kawai da kwamfuta ke yi bisa tuƙin da aka yi a baya-bayan nan. Ya fi kyau direba ya saba da kallon kason da ya rage a batir, ya san kilomita nawa kowane kashi goma yake kai shi.

Abubuwan da ke cin wuta

Gudu shi ne babba. Iskar da mota ke ketawa tana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: wanda ya tashi daga gudun kilomita 90 a awa zuwa 120 ya ƙara gudu da kashi ɗaya cikin uku, amma turjiyar iska ta kusa ninkawa biyu. Wannan ya sa motar lantarki ta saɓa wa abin da muka saba. Motar fetur ta fi tsimi a babbar hanya, ta lantarki kuwa ta fi tsimi a cikin gari. Motar misalinmu idan ta hau babbar hanyar arewa tana gudu sosai, cin wutarta na iya kaiwa 20, nisanta ya koma kilomita 170, ko 150 idan an bar na ko-ta-kwana. Daga Abijan zuwa Yamoussoukro kuwa kusan kilomita 230 ne, zuwa Bouaké kusan 350. Zuwa Grand-Bassam da dawowa, wanda bai wuce kilomita 80 ba, babu damuwa; amma mai nufin arewa sai ya san inda zai yi caji tun kafin ya fita.

Cunkoso ba ya cin wutar injin, domin injin lantarki idan mota ta tsaya shi ma ya tsaya. Abin da ke ci a lokacin shi ne na'urar sanyaya iska, wadda ke jan kilowat 1 zuwa 2. Awa guda a tsaye a cunkoson gadar De Gaulle ko ta Houphouët-Boigny yakan cinye wutar tafiyar kusan kilomita goma. Motar da aka ajiye a inuwa ta fi saurin yin sanyi, kuma wanda ya kunna sanyin tun motar tana jone da caji ya ɗauke wa batir wannan nauyi.

Birki a nan yana da wata fa'ida. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin yakan juya ya zama kamar janareta, yana rage gudu yana mayar da wani kaso na wuta cikin batir. Mai gangarowa daga tudun Adjamé da Plateau zuwa bakin ruwa ya nufi Treichville zai ga haka a allonsa. Abin da ake mayarwa bai kai abin da aka kashe wajen hawa ba, kuma idan batir yana cike maƙil babu wurin zuba shi. Direban da ke hango gaba ya saki totur da wuri ya fi mai fizga da taka birki da ƙarfi samun nisa.

Sauran su ne tayar da iskarta ta ragu, lodin da ya wuce kima, da kayan da aka ɗaure a saman mota. Duba iskar taya sau ɗaya a mako ba ya cin ko sisi.

Hanyoyin caji uku

Ta farko, soket na gida. Wutarmu bolt 220 ce. Idan cajar da ke zuwa da mota tana jan amfiya 10, ƙarfinta kilowat 2.2 ne. Daga bayan Isha'i zuwa Asuba, a ce awa takwas, motar za ta samu wutar tafiyar kusan kilomita 100. Ɗaga batir 40 daga kashi 20 zuwa 80 yakan ɗauki kimanin awa 12.

Ta biyu, akwatin caji da ake kafewa a bango, mai kusan kilowat 7. Wannan aikin da soket ke yi a awa 12, shi yana yin sa a kusan awa huɗu, in dai cajar cikin motar tana karɓar wannan ƙarfin.

Ta uku, cajin gaggawa na tashoshi, mai kilowat 50 zuwa sama, wanda ke kai batir kashi 80 a minti 30 zuwa 45. Daga nan sai ya ja baya ƙwarai, domin kwamfutar batirin tana rage wuta don kare shi. Kamar cika buhu ne da hatsi: farko ana zubawa da kwano, kusa da baki sai da tafin hannu. Jiran kashi 20 na ƙarshe yana iya cin lokacin da ya kusa kai na farkon gaba ɗaya.

A kula da bakin caji, domin ba iri ɗaya ba ne. Motocin Turai suna da Type 2 da CCS2, waɗanda aka ƙera don kasuwar Sin suna da GB/T, tsofaffin Leaf kuma cajin gaggawarsu CHAdeMO ne na Japan. Kafin a biya kuɗi a tabbatar akwai wurin cajin da ya dace da bakin motar a hanyar da ake bi kullum.

A sani kuma ba duk wutar da mita ta ƙirga ce ke shiga batir ba. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 yakan salwanta ta hanyar zafi, kuma asarar ta fi yawa a cajin soket.

Mita da gidan haya

Nan ne da yawa daga cikinmu za su tsaya. Gidaje da dama a Adjamé da Treichville gidajen haya ne masu tsakar gida ɗaya, mota ba ta shiga, kuma mitar amfiya 5 ko 10 ce. Mitar amfiya 5 ba ta ɗaukar abin da ya wuce kilowat 1.1, alhali mafi ƙarancin abin da cajar mota ke ja amfiya 6 ne. Mitar amfiya 10 kuma, idan mota ta kama, firji da fanka da dutsen guga ba su da sauran wuri, wutar gidan za ta riƙa yankewa. Mai son caji a gida sai ya nemi CIE ta ƙara masa ƙarfin mita, ya sa ƙwararren mai aikin wuta ya ja wa motar layinta daban, da waya mai kauri, da makashin kariya, da wayar da ake binnewa a ƙasa. Motoci da yawa ba sa karɓar caji sam idan babu wannan ta ƙasan.

Jan doguwar waya mai araha daga ɗaki a tsallaka lungu da ita zuwa bakin titi ganganci ne. Soket ɗin da aka yi don talabijin idan ya kwana yana ɗauke da amfiya 10 yakan yi zafi har ya narke, kuma mun sha ganin abin da gobarar wuta ke yi wa kasuwanni da gidajen garin nan. Wanda ba shi da amintaccen wurin da motarsa za ta kwana a caji, ya warware wannan kafin ya je wurin dillali.

Ladubban caji

1. A zirga-zirgar yau da kullum a riƙe batirin NMC tsakanin kashi 20 da 80. Yawancin motoci suna da wurin da ake sa iyakar caji.

2. A cika shi 100 idan za a yi doguwar tafiya, a daidaita lokacin yadda zai cika dab da tashi. Abin da ke tsufar da batir shi ne ya daɗe a cike, musamman cikin zafi.

3. Batirin LFP kamfanoni sukan ce a riƙa cika shi 100 lokaci-lokaci, wasu sau ɗaya a mako, domin kwamfuta ta daidaita lissafinta. A bi abin da littafin motar ya ce.

4. Kada a bar mota ta kwana a ƙasa da kashi 10, kada kuma a jingine ta babu wuta. Mai tafiya Hajji ko ganin gida na wata ɗaya ko biyu ya bar ta a wajen rabi, a inuwa, ya sa wani ya riƙa duba ta.

5. Cajin dare a hankali shi ne abincin yau da kullum. Na gaggawa na lalura ne. Mafi muni shi ne a dawo daga dogon gudu da tsakar rana a jona gaggawa, a sake gudu, a sake jonawa, musamman ga motar da batirinta ba shi da ruwan sanyaya.

6. Ba sai batir ya ƙare ake jona shi ba. Wannan al'ada ta tsofaffin batura ce. Na litiyom ya fi son ƙari kaɗan-kaɗan.

Zafi da ruwan sama

Sanyin da ke rage wa motocin Turai nisa ba matsalarmu ba ce. Tamu ita ce zafi, wanda ba ya nuna kansa a rana ɗaya, sai dai ya rage wa batir shekaru. Nissan Leaf, wadda ta fito a 2010, batirinta ba shi da ruwan sanyaya, kuma a 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi ta Amurka suka yi ta kukan cewa baturansu sun tsufa da wuri. Zafin Abijan bai kai na can ba, amma 'yan'uwa da ke tunanin kai irin wannan mota Yamai, Maraɗi ko Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, su nemi mai ruwan sanyaya batir.

Ruwan sama kansa ba ya cutar da motar, kuma ana iya caji ana ruwa idan kayan cajin na ƙwarai ne kuma soket ɗin yana rufe. Ambaliya ce abin tsoro. Kowa ya san yadda mahaɗar Indénié ta yi suna da cika a damina, kuma ba mu manta da ambaliyar Yunin 2018 da ta ci rayuka ba. Batirin yana ƙarƙashin mota ne. Idan ruwa ya shanye shi, musamman ruwa mai gishiri irin na bakin teku, yana iya kamawa da wuta bayan kwanaki, kamar yadda aka gani a Florida bayan guguwar Ian a 2022. Motar da ta nutse kada a kunna ta, kada a jona ta, a ajiye ta a fili nesa da gini har ƙwararre ya duba.

Sayen wadda aka yi amfani da ita

Tun Yulin 2018 dokar Kwaddibuwa ta hana shigo da ƙaramar motar da ta wuce shekara biyar, don haka a fara duba shekarar ƙira. Bayan haka, a motar lantarki lafiyar batir ta fi kilomitar da aka yi muhimmanci. Bisa matsakaicin lissafi batir yakan rasa kusan kashi 2 cikin 100 a shekara, amma wanda ya sha zafi da cajin gaggawa yakan fi haka. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, cewa batir ba zai sauka ƙasa da kashi 70 ba. Sai dai a tambaya a rubuce ko garantin yana aiki a ƙasar nan, domin motar da wani ya shigo da ita da kansa sau da yawa garantinta ya tsaya a can.

A sa mai na'urar bincike ya jona ta a motar ya karanto lafiyar batirin. Leaf tana nuna tata da sanduna 12 a allo, kuma sanda ta farko tana ɓacewa ne bayan an rasa kusan kashi 15. Sannan a yi gwajin titi: a rubuta kason batir, a yi tafiyar kilomita 40 ko 50 da sanyi a kunne, a ga nawa ya sauka. Gani ya kori ji.

Mai sayen Renault Zoe ta Faransa ya ƙara lura da wani abu: da yawa daga cikinsu an sayar da motar ne ban da batirin, shi batirin haya ake biya duk wata. A nemi takardar da ke nuna an mallaki batirin. A tambayi kuma inda ake samun kayan gyara da makanikin da ya san motar, domin araha ba ta ado idan mota za ta yi wata uku a gareji tana jiran kaya daga waje.

Lissafin kuɗi

Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan kilowat-awa 9, amma injin fetur ba ya mayar da ko rabinsa zuwa tafiya. Saura zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Injin lantarki kuwa yana amfani da kusan kashi 90 na abin da aka ba shi. Daga nan rangwamen yake fitowa.

Ga misali da lambobi masu sauƙi, kowa ya sa farashin da ke kan takardar wutarsa da na gidan mai a madadinsu. A ce wutar gida sefa 100 ce kowane kilowat-awa, fetur kuma sefa 850. Motar lantarki mai cin 16, idan an haɗa da asarar caji, za ta ja kusan 18 daga mita, wato sefa 1,800 a kilomita 100. Motar fetur mai shan lita 8 za ta ci sefa 6,800. Bambancin jaka biyar ne. Direban da ke yin kilomita 150 kullum ya tsira da sefa 7,500 a yini, kusan 195,000 a kwana 26 na aiki. Magidancin da ba ya wuce kilomita 20 a yini kuwa jaka ɗaya ce ribarsa, don haka zai daɗe bai mayar da ƙarin kuɗin sayen motar ba.

Idan kuma duk cajin a tashar gaggawa za a yi, a ce a kan sefa 250, kilomita 100 ya haura sefa 4,000, ga lokacin jira da ba a ɗauki fasinja ba. Ribar ta ragu da kusan rabi. A gefen samu, babu canjin baƙin mai, babu fulogi, birki ma yana daɗewa. A gefen kashewa, taya takan fi saurin cinyewa saboda nauyi, kuma mai hankali yana ware wani abu duk wata saboda ranar da batir zai nemi gyara.

Hakkokin da ke tattare da lamarin

Raunin batir aibi ne da ido ba ya gani, fenti da kujeru kuma ba sa nuna shi. Ɗalibanmu sun karanta a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid cewa ɓoye aibin kaya bai halatta ba, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Dillalin da ya san batir ya raunana, ko ya san mota ta taɓa nutsewa, wajibi ne ya faɗa. Faɗin lambar takarda ga wanda aka san zai ɗauke ta a matsayin abin da zai samu, shi ma nau'i ne na yaudara.

Jona wuta ta bayan mita sata ce, ko da an saba ganin ana yi. Gidan da ake raba kuɗin wuta tsakanin 'yan haya, cajin mota na dare ɗaya yana iya fin abin da wani ɗaki ke sha a mako, don haka sai da yardarsu da ƙaramar mitar da za ta ware kason mai motar. Wutar masallaci da ta makaranta dukiyar jama'a ce. Ba a jona mota a kanta sai da izinin kwamiti da biyan abin da aka sha. Direban da aka ba motar wani amana ce a hannunsa, batirin ma yana cikin amanar. Wanda kuma motarsa ta gama caji a tasha ya janye ta, ya ba na baya wuri.

Shawararmu ga mai niyya ita ce ya yi mako biyu yana rubuta kilomitar da yake yi kullum, ya duba mitarsa da wurin kwanan motar, ya gwada batirin kafin ya miƙa kuɗi. Idan nisan da ya lissafa da hannunsa ya zarce tafiyarsa ta yini da rata mai kyau, kuma yana da inda zai yi caji da dare, motar za ta yi masa amfani in Allah ya so. Idan ɗaya daga cikin biyun ya gaza, jinkiri ya fi, musamman ga wanda bashi zai ci.

Allah ya sa albarka a cikin neman kowa, ya kare mu daga asara da haɗari. Allah ne Mafi sani.